Rangwamen mutum uku a jirgin ƙasa, amma biyu suka dawo

Tambaya: Assalamu alaikum, Allah ya gafarta Malam. Ni ɗalibi ne a Ingila. Mu uku muka yanki tikitin jirgin ƙasa na zuwa da dawowa Landan da rangwamen GroupSave, wato ragin da ake yi wa masu tafiya tare, ni na biya, suka ba ni kuɗinsu. Tun kafin mu yanka ɗayanmu ya ce zai kwana can gidan wansa, sai muka dawo mu biyu. Jirgin ya makara fiye da awa ɗaya, na nemi diyyar tikiti uku, aka biya ni. Wani ya ce riba na ci, wani ya ce ba komai tunda dukiyar waɗanda ba Musulmi ba ce. Mene ne hukunci?

Amsa: Wa alaikumus salam. Rangwamen halal ne, mai kaya yana da ikon rage farashinsa. Diyyar jinkiri ma ba riba ba ce, don ba bashi ka ba kamfani ba, haya kuka ƙulla ya kai ka a kan lokaci, shi kuma ya ɗora wa kansa biya idan ya saɓa. Wani mutum ya taɓa ce wa mai hayar raƙuma in bai yi tafiyar da shi rana kaza ba, zai ba shi dirhami 100, bai kuwa tashi ba, Alƙali Shuraihu ya ce wanda ya sharɗanta wa kansa abu ba tilas, abin ya hau kansa. Majalisar Fiƙihu ta Duniya ta tafi a kan haka a zamanta na Riyad a 2000, muddin abin da ke wuyan mutum ba bashin kuɗi ba ne.

Inda na tsaya, ɗana, shi ne faɗarka "tun kafin mu yanka". Kamfanonin da ke ba da wannan rangwame suna rage kashi ɗaya cikin uku ga mutum 3 zuwa 9, bisa sharaɗin su yi tafiyar tare. Da lalura ce ta raba ku a hanya, ko kamfanin ya soke jirgi kuka watse, da babu laifi a kanka, sai gyara. Kai kuwa ka yanka kana sane sharaɗin ba zai cika ba.

Maganar abokinka na biyu ita ce mai haɗari, kuma ta yaɗu tsakanin samarinmu na waje. Suna fakewa da abin da aka ruwaito daga Abu Hanifa na sassauci wajen karɓar dukiyar wanda ba Musulmi ba a ƙasar yaƙi. To, jumhur, wato mafi yawan malamai, ba su bi shi a kan haka ba, har almajirinsa Abu Yusuf ya saɓa masa. Abu Hanifa kansa abin da aka karɓa da yardar mai shi yake nufi, ya kuma haramta yaudara ga wanda ya shiga ƙasa da aminci. Bizar da ke cikin fasfonka fa? Ai ita ce amincin. Mugira ɗan Shu'uba ya zo musulunta da dukiyar da ya ƙwace ta hanyar cin amanar abokan tafiyarsa mushirikai, Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya karɓi musuluncinsa, ya ce ba ruwansa da dukiyar. To ina ga kamfanin da ya yarda da kai har ya yi maka ragi?

Ka rubuta musu ka faɗi yadda aka yi, ka biya cikon kuɗin dawowa, ka mayar da kason diyyar wanda bai hau jirgin ba, tunda jinkirin bai same shi ba. In sun yafe, ya halatta. Abin da ya rage ba naka kai kaɗai ba ne, kai wakili ne, ka ba abokin tafiyarka nasa ko da fam biyu ne.

Ka kuma kiyayi kanka: tun daga 2023 tarar hawa jirgi ba ingantaccen tikiti a Ingila fam 100 ce, ban da kuɗin tafiyar, kai kuma baƙo ne. Ka nemi katin 16-25 Railcard, na 'yan shekara 16 zuwa 25, irin wannan ragin yake bayarwa ko kai kaɗai ne, ɗalibin da ya haura 25 ma ana ba shi in karatun cikakken lokaci yake yi. Mai ba ka fatawar dukiyar kafiri kuwa, kada ka haɗa kuɗi da shi.

Allah ne mafi sani.