Shin "A Fasa Kowa Ya Rasa" Ita Ce Ma'anar Nihilist?

Tambaya: Malam, ina karatun adabin Rasha sai na yi ta cin karo da kalmar nihilist. Abokina ya ce fassararta ita ce "a fasa kowa ya rasa". Haka ne? Daga wani ɗalibi a Zariya.

Amsa: Ɗana, ban yarda da abokinka ba. Bahaushe yana cewa "a fasa kowa ya rasa" ga wanda ya nemi rabo bai samu ba, sai ya ɓata abin don kada wani ya mora. Ƙyashi ne tushenta.

Ita kuwa kalmar taka daga Latinanci ta fito, nihil, wato "babu". Marubucin Rasha Turgenev ne ya baza ta a littafinsa na Iyaye da 'Ya'ya a 1862, shekara guda bayan Sarkin Rasha Alizanda na biyu ya 'yanta talakawan da ke bauta wa masu gonaki. Jarumin littafin, Bazarov, ɗalibin likitanci ne mai sammako zuwa fadama ya kamo kwaɗi ya feɗe. Sarauta, al'ada, waƙa, duk bai ɗauke su a bakin komai ba, sai abin da ya gwada ya gani. Ba ya kwaɗayin abin kowa, to ina ƙyashi a nan? Da mahaifin abokinsa ya ce masa ai bayan rushewa sai an gina, cewa ya yi wannan ba aikinsu ba ne, a fara share fili tukuna. Mu da muke cewa "sharar fage" mun san ana share fage ne don wasan da ke tafe. Shi Bazarov bai tanadi wasan ba, kuma nan ne nake ganin rauninsa. Ni dai "mai aƙidar ƙin yarda" nake kiransa.

Daga baya jini ya shigo. A 1869 wani ɗan juyin juya hali mai suna Nechayev da mutanensa suka kashe ɗan ƙungiyarsu, ɗalibi Ivanov, a Mosko. Kan wannan kisa marubuci Dostoyevski ya gina littafin Shaiɗanu, inda jagora ya sa a kashe mutum guda don laifin ya ɗaure sauran. A 1881 kuma 'yan juyin juya hali suka hallaka Sarki Alizanda da bam. Jaridun Turai suka riƙa kiran duk mai jefa bam a Rasha nihilist, ina jin daga nan abokinka ya ɗauko fassararsa.