Motata Tana Mutuwa Idan Ta Ɗauki Zafi, An Ce Ƙwaƙwalwarta Ce

Tambaya: Assalamu alaikum. Motata ƙirar 2003 ce. Da zarar ta ɗauki zafi sai ta mutu ina cikin tafiya, ba ta tashi sai ta huce. An canza fulogi da koyil da famfon mai, shiru. Yanzu an ce ƙwaƙwalwa ce. Da ita nake kai yara makaranta, hankalina ya tashi.

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, dakata da sayen ƙwaƙwalwa, wato kwamfutar da ke sarrafa injin, ba kasafai take lalacewa ba. Abin da na fi zargi shi ne sensar karanshaf, wadda ke sanar da ƙwaƙwalwa cewa inji yana juyawa. Siririyar wayar da ke naɗe a cikinta takan rabu idan ta ji zafi, ta koma ta haɗe in ta huce. Ƙwaƙwalwa kuwa in ba ta ji inji yana juyawa ba, ba za ta saki wuta ko mai ba.

A gwada lokacin da motar ta mutu, ba bayan ta huce ba. Ka murza makulli ka dubi allurar juyin inji. In ko motsi ba ta yi ba, zargin ya ƙarfafa. In akwai wuta a fulogi, a koma kan mai. In an jona na'urar binciken mota, lambar P0335 ce ke nuna matsala a layin sensar karanshaf.

Sai abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya kullum. Wani zai jona na'ura, ya goge lamba, fitilar gargaɗi ta mutu, ya ce an gyara. Me aka gyara? Shaida kawai ya ɓatar! Tare da lambar nan ƙwaƙwalwa take ajiye zafin inji da gudunsa a lokacin da matsalar ta auku, duk ya share. Wani ma cire ƙwan fitilar yake yi don kada ta dame ka. Kuma lamba ba ta cewa "sayi sensa". Layi take nunawa, wanda ya haɗa da sensa da soket da waya. A tsohuwar mota, soket mai tsatsa ko wayar da ta goge a jikin inji kan ba da lamba iri ɗaya. Wanda bai ɗauki mita ya auna ba, canki-canka yake yi da aljihunka.

Da ran mutane ake wannan wasa. Inji ya mutu a kan gudu, sitiyari zai yi nauyi, birki kuma bayan taku ɗaya ko biyu ya sandare. Masu wannan aiki su ji tsoron Allah, amana aka ba su.

Kada ka ƙara ɗaukar yara a motar sai an gano. Ka sa a rubuta maka lambobin kafin a goge komai. In kuma ka ga fitilar tana ƙyaftawa, ka faka nan take: ɗanyen mai ne ke zuba cikin salansa, yana iya ƙona katalis, wato abin da ke tace hayaƙi a cikin salansar.