Yaro mai ciwon suga ya ƙi cin abinci: a tsayar da allurar insulin ko a ci gaba?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Likita. Ni uwa ce daga unguwar Birni, a nan Damagaram. Wata 7 ke nan da aka gano ɗana mai shekara 9 yana da ciwon suga, aka ɗora shi a kan allurar insulin safe da yamma. Bayan wata 2 sugansa ya daidaita har aka rage masa allurar, kuma a daidai lokacin ne kakarsa ta fara ba shi wani jiƙo da ta sayo a kasuwa, sai kowa a gida ya ce jiƙon ne ya yi aiki. Da damina zazzaɓi ya kama shi, ya ƙi abinci, ni kuma na tsayar da allurar kwana 2 don tsoron kada sugansa ya faɗi. A dare na biyu ya kama amai da wani irin numfashi mai ƙarfi, muka kai shi asibiti ba ya gane kowa. A can na ga an rataya masa ruwa mai suga, har mahaifinsa ya so mu cire mu tafi. Yanzu kakarsa tana cewa allurar ce ta saba wa jikinsa, gara a yaye shi a hankali. Kuɗinmu sun ƙare, kuma ina tsoron sake kwanciya asibiti. Me zan yi in ya sake ƙin cin abinci?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya ba yaron lafiya, ya saka miki da haƙurin jinya. Amsar a taƙaice ita ce, yaro mai irin wannan ciwo ba a tsayar masa da insulin gaba ɗaya, ko ya ci abinci ko bai ci ba, ko yana amai ko ba ya yi. Ana iya rage yawanta ko a ƙara bisa abin da awo ya nuna da kuma shawarar likitansa, amma ba a yin kwana babu ita. Tsoron da ya sa kika tsayar tsoro ne na mai hankali, domin an koya miki cewa allura ba tare da abinci ba tana iya kayar da suga, sai dai rabin darasin aka ba ki.

Ga ɗaya rabin. Suga ba daga kwanon tuwo kaɗai yake shiga jini ba. Hanta tana da nata ajiya, tana kuma zuba shi cikin jini dare da rana, musamman idan ciki ba komai, kuma insulin ce ke taka mata burki. Idan zazzaɓi ya zo, jiki yana fitar da sinadaran da ke ƙara tunzura hantar, suna kuma rage ƙarfin insulin ɗin da ke akwai, shi ya sa yaro mai zazzaɓi sau da yawa yake buƙatar insulin fiye da ta kullum, alhali ko kunu bai sha ba. Da aka tsayar da allurar, jikin ɗanki ya kasa amfani da sugan da ya cika masa jini, sai ya koma ƙona kitse, ƙonawar kitse kuma tana barin wani datti mai tsami da ake kira keton. Keton ɗin ne ke kawo ciwon ciki da amai, shi ne ke sa numfashi ya yi zurfi da sauri domin jiki yana ƙoƙarin fitar da tsamin ta huhu, har wani lokaci a ji bakin yaron yana wari kamar ɗan itacen da ya nuna ya wuce. Mugun abin shi ne, aman da rashin insulin ya haifar shi ne kuma yake ƙara tabbatar wa uwa cewa bai kamata ta yi allura ba, tun da yaro bai riƙe komai a ciki ba. Haka ake zagayawa har yaro ya fita hayyacinsa, a wasu gidajen ma a ce iska ce ta taɓa shi, a tsaya hayaƙi da turare har gari ya waye.

Yanzu bari in tsaya a kan maganar kaka, domin ita ce nake ji kusan kullum, daga bakin mutanen cikin gari da waɗanda ke zuwa daga Mirya, Magarya, Matamai da Tanut, kuma ita ce ta fi cika mana gadajen yara da waɗanda bai kamata su dawo a sume ba. Ana cewa allura tana saba wa jiki, wai wanda ya fara ba ya iya bari. Insulin ba ƙwaya ba ce da jiki ke kamuwa da sonta. Abu ne da jikin kowa, har da na kakar, yake yi da kansa a kowane lokaci, jikin yaron nan kuwa ya daina yi saboda ƙwayoyin halittar jikinsa da ke samar da ita sun lalace. Buƙatar ta riga allurar zuwa, ba allurar ce ta kawo buƙatar ba. Kafin a gano insulin a birnin Toronto na ƙasar Kanada a 1921, yaran da suka kamu da wannan ciwo ba su cika wuce shekara ɗaya ko biyu a raye ba, duk da cewa a lokacin ma duniya cike take da saiwoyi da ɓawon itatuwa. A watan Janairu na 1922 aka fara yi wa wani yaro ɗan shekara 14 mai suna Leonard Thompson, ya tashi daga bakin mutuwa. Daga wancan lokaci zuwa yau babu wani ganye, a kowace nahiya, da aka tabbatar yana maye gurbinta.

To me ya sa sugan ya daidaita lokacin da aka fara jiƙon? Wannan ita ce ƙofar da masu sayar da magani suke shiga ta cikinta. A makonni ko watannin farko bayan an fara allura, ragowar ƙwayoyin da ba su gama lalacewa ba sukan ɗan farfaɗo su yi aiki, sai buƙatar insulin ta ragu, likita ya rage yawanta. Mun san wannan lokacin sassauci, muna jiransa a wurin yara da yawa, kuma mun san yana wucewa, kamar fitilar da kananzirinta ya kusa ƙarewa takan ɗan ƙara haske kafin ta mutu. Duk abin da aka ba yaro a wannan tsakani, jiƙon maɗaci ne, shuwaka ce, ganyen dogon yaro ne ko garin zogale, shi zai kwashe yabo. Mai lasifika a kan mota ranar kasuwa ya san haka ko bai sani ba, ya karɓi kuɗinsa ya wuce wani gari, kuma ban taɓa ganin ɗayansu ya zo ya tsaya a bakin gadon yaron da ya ce ya warkar ba. Waɗanda suka koma sayarwa ta WhatsApp da Facebook sun fi muni, suna haɗa ciwon sugan manya da na yara su kira su abu ɗaya. Babban mutum mai ƙiba wanda jikinsa ke yin insulin har yanzu yana iya rage abinci, ya yi tafiya, ya sha ƙwayoyi, sugansa ya sauka, shi ya sa ake samun mai ba da shaida cewa ya gwada ya ga amfani. Ɗanki ba a wannan sahu yake ba. Haka kuma tunanin cewa ɗaci yana kashe zaƙi a harshe yake tsayawa, bai kai jini ba, kuma jiƙon da ba a san abin da ke cikinsa ba yana iya taɓa ƙoda da hanta, ƙodar da dama ita muke ta ƙoƙarin kare masa. Zogale a kwaɗo abinci ne mai kyau, a ba shi ya ci, amma a matsayin abinci. Addu'a kuma a yi ta yi, babu likitan da zai hana, sai dai a yi ta tare da allura. Yaye shi a hankali da kakar ke nufi hanya ce ta komawa ɗakin da kuka fito, a hankali.

Game da ruwan suga da kika gani a asibiti, ba kuskure ba ne. Idan aka kawo yaro a wannan hali, ana fara masa da ruwan gishiri ta jijiya, sannan insulin kaɗan-kaɗan, tare da sinadarin fotasiyam. Suga yakan sauka kafin keton ya gama fita, ga shi kuma insulin ce kaɗai ke kawar da keton ɗin, saboda haka idan suga ya sauko kusa da 250 zuwa 300 a na'urar auna suga sai a sa ruwa mai suga domin a samu damar ci gaba da insulin ba tare da an kayar da yaron ba. Kuma da gangan ake tafiya sannu, domin gyaran gaggawa yana iya jawo kumburin ƙwaƙwalwa, wanda shi ne abin da muka fi tsoro a wurin yara. Kada mai jinya ya taɓa maɓallin ruwan don ya ga yana ɗiga a hankali. Laifin ruɗanin da mahaifinsa ya shiga ba nasa ba ne shi kaɗai. Bayanin da na yi yanzu bai fi na minti biyu ba, kuma haƙƙinku ne a yi muku shi a bakin gado, maimakon a miƙa wa uba takardar magani cikin Faransanci a ce ya je ya sayo, ya dawo ya bi layin biya, yaro yana kwance yana jira. Ki tambaya, cikin ladabi amma ba tare da jin kunya ba, wane ruwa ne wannan, nawa sugansa yake yanzu, ƙarfe nawa za a sake aunawa.

Ranar da ya sake rashin lafiya a gida, ki auna sugansa kowane awa 2 zuwa 3, har cikin dare, ki rubuta. Idan ya haura 250, wato 2,5 g/l a takardar ɗakin gwaji, ki yi masa allurarsa, ki yawaita ba shi ruwa zalla, ki auna keton a fitsari in kina da tsinken gwajin, sannan ki kira likitansa ya faɗa miki ko za a ƙara insulin mai saurin aiki. Idan kuma sugan yana ƙasa-ƙasa ga shi ba ya cin abinci, kamar yadda ake gani a zawo da amai, sai ki ba shi abin sha mai zaƙi kurɓi-kurɓi, kunu mai suga ko ruwan gishiri da suga, a rage allurar bisa shawara amma a yi ta. Idan ya sauka ƙasa da 70, ko kika ga gumi, rawar jiki da ruɗewa, ki ba shi ƙwayar suga 2 zuwa 3 a narke a ruwa, ki sake aunawa bayan minti 15. Wanda ya suma ba a ɗura masa komai a baki, a kwantar da shi a gefe a tafi da shi. Amai fiye da sau biyu, numfashi mai zurfi, barcin da ba a iya tashinsa sosai, ko keton mai yawa, duk ba a jira safiya da su. Zazzaɓi kuma a yi gwajin maleriya a ranar, a gaya wa duk wanda zai duba shi cewa yana kan insulin, domin maleriya mai tsanani da maganin kinin duka suna iya kayar da suga. Kafin ki bar wurin awo na gaba, ki nemi a rubuta miki wannan tsari da adadin da ya dace da nauyin ɗanki, da lambar da za ki kira da dare.

Maganar kuɗi gaskiya ce mai ɗaci. Kyautar magani da gwamnati ta kafa tun 2006 ta yara ce ƴan ƙasa da shekara 5, ɗanki ya wuce ta, ciwon kuma bai san da wannan iyaka ba. Ki je ofishin taimakon jama'a na asibitin da kuke zuwa ki bayyana halinku, ki kuma tambayi likitansa ko akwai wani shirin tallafin insulin da za a iya sa sunansa. Amma a lissafin gida, kwanciya ɗaya irin wadda kuka yi tana cinye abin da zai sayi allura da tsinken awo na tsawon lokaci, kuɗin jiƙo kuma a mayar da su nan. Ki ajiye jaka guda a shirye, da littafin awo, da insulin, da sirinji, da na'ura, da ƙwayoyin suga, domin daren da za a fita a guje ba a tuna komai. Ki lura sirinjin ya dace da kwalbar insulin ɗin, mai alamar U-100 da mai U-100.

Zafin Damagaram ma abokin gaba ne. A watannin Afrilu da Mayu yana wuce digiri 40, insulin kuwa tana rasa ƙarfi a zafi ba tare da kamanninta sun canza ba. Wurinta firji ne tsakanin digiri 2 zuwa 8, nesa da wurin ƙanƙara, domin wadda ta daskare ta lalace. Inda babu firji ko wuta tana yawan ɗaukewa, a sa kwalbar cikin roba mai murfi, a sa a ƙaramar tukunyar ƙasa, a zaunar da ita cikin babba da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, a ajiye a inuwa inda iska ke kaɗawa. Kwalbar da aka buɗe kada ta wuce mako 4. Idan suga ya ƙi sauka kwana da kwanaki babu wani dalili, a zargi kwalbar kafin a zargi yaron da satar alewa.

A ƙarshe, wannan aiki ya fi ƙarfin mace ɗaya. Ya kamata mahaifinsa ya iya allura da awo da hannunsa, domin ranar da kika kwanta ciwo ko kika tafi haihuwa ciwon yaron ba zai tafi hutu ba, kuma uban da ya taɓa ganin 400 a na'ura da idonsa ba a ruɗarsa da jiƙo. Yaro ɗan shekara 9 ya isa ya fara koyon auna kansa a gabanku. Malaminsa na boko da na allo su san halinsa, su bar shi ya sha ruwa, ya fita fitsari, ya ci abin da ke aljihunsa idan ya ji jikinsa na rawa, kuma kada a bar shi ya gwada azumi don ganin sa'o'insa suna yi sai an zauna da likitansa.