Yadda ake riƙe Cubs ta 1906 a gasar kan tebur

Yarona, ka ce ƙuri'a ta ba ka katunan Cubs ta Shikago na shekarar 1906, ƙungiyar besbol da ta ci wasa 116 ta faɗi 36 kacal, amma ga shi kana ta shan kashi a gasarmu ta Strat-O-Matic, wato besbol da ake bugawa a kan tebur da kati da ƙwaya, har kana tunanin ko katunan ne aka buga ba daidai ba. Katunan lafiyarsu ƙalau. Na ga takardun makinka, matsalar tana wajen yadda kake jan ragamar ƙungiyar: kana jiran bugun da zai tsallake katanga daga mutanen da ba aikinsu ke nan ba, kana kuma cire mai jifa a zango na shida cikin tara da wasa ke da su, kamar yadda kocin besbol na yau yake yi.

Mu fara da ƙwayoyin da ke hannunka, don su ne tushen komai. A Strat-O-Matic, wasan da Hal Richman ya fito da shi a 1961, ƙwaya uku ake jefawa, irin na ludo. Guda ɗaya farar ita ke zaɓen layi: in ta ba da 1, 2 ko 3, katin mai bugu za a karanta, in ta ba da 4, 5 ko 6, katin mai jifa ne. Sauran biyun a haɗa su, daga 2 zuwa 12, su nuna gurbin da za a duba. To ka ga rabin duk abin da zai faru a wasa daga katin mai jifanka yake fitowa. Nan ne arzikin Cubs yake. Mordecai Brown, wanda injin gona ya lalata wa hannun dama tun yana yaro a Indiana, ya ci wasa 26 ya faɗi 6 a shekarar, kuma matsakaicin makin da ake ci masa a zango tara 1.04 ne. Ed Reulbach yana da 1.65, Jack Pfiester 1.51. Mutum mai irin wannan kati, me zai sa ka zaunar da shi wasa bai ƙare ba? A zamaninsu wanda ya fara jifa shi ake sa ran ya gama. Bar shi a fili har sai dokar gajiya, wadda ke rage ƙarfin mai jifa in ya daɗe yana jifa, ta kama shi.

Sai dai ka riƙa lissafi. Dokar gasarmu ba ta barin ɗan wasa ya wuce abin da ya buga a gaske sai da ƙarin kashi 10 cikin 100, kuma Brown zango 277 da ɗoriya ya jefa a 1906. In ka ƙona shi a kan ƙungiyoyi masu rauni tun farkon kaka, lokacin da za ka neme shi ba ya nan. Ɗauki jadawalin wasanni tun yanzu, ka sa alama a kan abokan karawa masu ƙarfi, ka ajiye musu shi. Sauran masu jifanka sun isa su ji da ragowar.

Karatun kati kuwa, yawancin sababbin hannu idonsu yana kan yawan gurbi masu kyau, ba sa duba inda suke. Ƙwaya biyu hanya 36 suke faɗuwa. Lamba 7 tana zuwa ta hanya 6, 6 da 8 hanya 5 kowace, amma 2 da 12 hanya ɗaya tak. Don haka bugu mai kyau guda a kan 7 ya fi uku a kan 2, 3 da 12 in an tara su, domin waɗannan hanya 4 ne kawai. Ɗauki fensir ka ƙirga wa kowane mai bugu hanyoyin da zai kai tasha ta farko (wurin da mai bugu ke fara gudu zuwa in ya bugi ƙwallo), har da waɗanda mai jifa ya ba shi kyauta, a cikin 108 da katinsa ke da su, wato layi uku sau hanya 36. Da wannan ƙirgen za ka jera su. Frank Chance, wanda shi ne kocinsu kuma mai tsaron tasha ta farko, da Harry Steinfeldt, su za ka tarar a sama. Kada ka bi sunan da ka fi ji.

Joe Tinker bugunsa ba yawa, na san hannunka yana ƙaiƙayi ka sauya shi. Kada ka taɓa shi. A katin mai jifa akwai gurbi masu alamar X, waɗanda ke tura ka jadawalin tsaro, kuma mai tsayawa tsakanin tasha ta biyu da ta uku shi ya fi kowa samun irin wannan kira, sai mai tsaron tasha ta biyu. Wato Tinker da Johnny Evers. In ka sa mai bugu da raunin tsaro a gurbinsu, kamar ka zuba ruwa a kwando ne: abin da Brown ya tara, ta nan zai zube.

Maganar satar tasha (mai gudu ya zarce tasha ta gaba ba tare da jiran bugu ba) da bugun sadaukarwa (mai bugu ya yarda a fitar da shi don mai gudu ya matsa gaba) ita ce ta fi bukatar natsuwa. Gaskiya ne ƙwallon wancan zamani ba ta tafiya nesa, maki ɗaya-ɗaya ake tsinta, Chance kuma ya saci tasha 57 a shekarar. Amma ka duba harafin da ke nuna ƙwarewar sata a kan kati, da ƙarfin hannun mai cafe ƙwallo a bayan mai bugu na abokin karawa, kafin ka saki mai gudu. Damar fita 27 gare ka a wasa, wato sau uku ake fitar da ɗan wasanka a kowane zango, kowace tana da tsada. In kana karawa da ƙungiyar zamaninka, maki biyu na iya cin wasa, to sadaukar da ɗaya don ka matsar da mai gudu ya halatta. In kuwa ƙungiyar Yankees ta New York ta 1927 ce a gabanka, lissafin ya canja. Babe Ruth ya tsallake katanga sau 60, Lou Gehrig sau 47, kuma in farar ƙwaya ta faɗi 1, 2 ko 3, katin Brown ba shi da ta cewa. Maki ɗaya ba zai riƙe su ba, don haka kada ka riƙa raba musu fita kyauta tun zango na biyu. Kada kuma ka ce za ka ba Ruth tasha da gangan kowane lokaci, Gehrig ne ke bayansa.

Game da wasanni bakwai da ka ce ka faɗi biyar a ciki, wannan bai isa a yanke hukunci ba. Ita kanta Cubs ɗin, a ƙarshen 1906, White Sox ce ta doke ta wasa 4 da 2 a gasar ƙarshe, alhali White Sox ɗin tana cikin masu raunin bugu a shekarar. Ƙwaya sai an jefa ta da yawa take nuna gaskiyar kati.

Ranar zamanmu na gaba ka zo da ƙirgen nan na 108 na kowane mai bugu, da jadawalin da ka raba wa Brown zangonsa, mu duba tare kafin a fara jifa.