Me ya sa Romawa suka ce Kiristocin farko ba su da addini?

Ɗan'uwa, ka tambayi dalilin wannan zargi da irin amsar da Kiristocin suka bayar. Tushen maganar shi ne sun ƙi yi wa gumakan Roma yanka, sun kuma ƙi ƙona turare gaban gunkin Kaisar. A wurin Baroma, mai yin haka fushin alloli yake jawo wa gari. Aka kuma yaɗa jita-jitar cewa suna cin naman mutum, saboda an ji suna ambaton jiki da jini a Jibin Ubangiji, wato cin gurasa da shan ruwan inabi don tunawa da mutuwar Yesu.

Wajen shekarar 155 miladiyya, wani masani Kirista mai suna Jastin ya rubuta wa Sarkin Roma Antoninus cewa a hukunta mutum kan laifin da ya aikata, ba don sunan Kirista kawai ba. Jastin ɗin ma daga baya an kashe shi a Roma. Wani marubuci Kirista, Tatuliyan na Kartaj, a Tunisiya ta yau, ya fi shi zafin baki. A 197 ya yi wa Romawa shaguɓe cewa ko kogin Tayiba na Roma ya yi ambaliya, ko Nilu ya ƙi cika, sai a ce a jefa wa zaki Kiristoci.

A ganina dai, cikin masu sukar Kiristanci, wani masanin falsafa mai suna Selsus ne ya fi yin suka mai nauyi, don ya san abin da Kiristoci ke koyarwa. Sai wajen 248 malamin Kirista Orijen ya mayar masa da martani cikin littattafai takwas, yana kawo maganarsa yana amsawa. Abin dariya, littafin Selsus ya ɓace, ta bakin Orijen muka san abin da ya faɗa.