Ruwan kan hanya, wayar da ta jiƙe, da buhun shinkafa

Tambaya: Malam, ina son in gaya wa abokin cinikina na Ingila cewa wayata ta faɗa ɗan ruwan nan da ke kwanciya a hanya bayan an ɗauke ruwan sama. Na sa "kududdufi" a Google Translate, amsar ba ta kwanta mini ba. Daga Zariya.

Amsa: Puddle ake cewa. Kududdufi ai ramin haƙar ƙasar gini ne, har akuya yake ci. Zai zaci kai ma da kyar aka tsamo ka. Manhajar ta san Hausa tun 2013, amma ka riƙa ba ta cikakkiyar jimla, kalma ɗaya rikita ta take yi.

Tambaya: Tawa ma ta faɗa irin wannan ruwan. Kwananta uku a cikin shinkafa, ta ƙi tashi. Daga Maraɗi.

Amsa: Hajiya, shinkafa dai! Duk damina sai na yi wannan wa'azin. Shinkafa ba ta zuƙo ruwan da ya shige can ciki, sai dai ta cusa gari da tsaki a ramin caji. Kamfanin Apple da kansa ya hana masu iPhone yin haka. Kuma ruwan kan hanya ba na randa ba ne: akwai laka da gishiri-gishiri, su ne ke cin ƙananan ƙarafan ciki a hankali. Na tabbata kin danna maɓallin kunnawa ya fi sau ashirin, "don a gani". Nan aka lalata ta. Da kin kashe ta nan take, kin zare sim, kin goge, kin jingine ta gaban fanka, ramin caji na kallon ƙasa, ba caja ba rana har kwana guda, da yanzu wata maganar muke yi. Masu tunƙaho da IP67, alamar cewa waya na jure ruwa, su ma su ji: mita 1 ne na minti 30, a ruwa mai tsabta, wayar tana sabuwa. Ta taɓa zuwa wajen mai gyara an buɗe bayanta? To, a manta. Hajiya, kai taki wajen mai gyara a wanke mata ciki yau, kar ki ɓoye masa. Akwai ɗan farin tambari a ciki da ke komawa ja, shi zai tona ki. Ni dai daga Yuni wayata a leda take kwana.

Tambaya: Ina zan samo ƙ da ɗ? Daga Kumasi.

Amsa: Gboard, manhajar allon rubutu ta Google a waya, ƙara Hausa a jerin harsuna.