Amsa: Wane ne Ray Lewis?

Malam, ka tambaya ko Ray Lewis ya cancanci yabon da ake masa a ƙwallon Amurka. Ya cancanta sosai. Lainbaka ne na tsakiya, wato mai tsayawa bayan layin masu tsaron gida yana karanta dabarar abokan hamayya, yana tare mai gudu da ƙwallo. Ya yi wasa a Jami'ar Miami daga 1993 zuwa 1995, ya bar shekararsa ta ƙarshe a jami'ar don ya shiga gasar ƙwararru ta NFL. Baltimore Ravens suka ɗauke shi a 1996, kuma bai taɓa sauya ƙungiya ba tsawon kaka 17. Ya ci Super Bowl, wato wasan ƙarshe na cin kofin NFL, sau biyu, a na farkon ma shi aka zaɓa gwarzon wasa, abin da ba kasafai ɗan baya ke samu ba. An saka shi zauren gwaraza, inda ake karrama fitattun 'yan ƙwallon Amurka, a 2018.